ƊAN TSAKA BA CUTA BA NE

Ga jawabin da ɗaya daga cikin masu rubutu a jaridarku ta yi ma mata ɗaliban yaƙi da jahilci. Mun buga shi don wadda ba ta samu zuwa ba ita ma ta karanta, kuma ta karanta ma maigidanta.

Na san wasunku sun bar daka, wasu sun bar tukunya bisa wuta. Ba zan riƙe ku har magariba ba.

Zancen da na zo da shi yau mai nauyi ne. Don haka ina neman gafara ga tsofaffin da ke zaune nan gaba. Ni ɗiyarku ce. Bisa al'ada, ɗiya ba ta yin irin wanga zance gaban uwaye. Amma kafin in shiga aikin jarida, aikin malanta na koya. A can na gane malami ba ya iya koyar da abin da yake tsoron faɗin sunansa.

To, ga sunan, zan rubuta shi bisa allo: ɗan tsaka. Ku dubi ɗ mai lanƙwasa, ku dubi ts. Duk kun san baƙaƙen ga. Na ga wasu sun rufe fuska da zane. Ku yi dariyar ta ƙare, ina jiran ku.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Wata rana bayan darasi, wata ɗaliba ta ja ni gefe. Ƙanwarta ta haihu, an samu ɗiya mace. Kwana uku da haihuwa, uwar miji ta duba gaban jinjirar ta ce akwai angurya, a kira wanzami ranar suna. Ɗalibar ta ce mani: "Malama, a bari a cire, ko a hana?" Na yi shiru. Ni da ke koya ma mutane karatu, ban san yadda jikina yake ba. Na ji kunya ƙwarai, kuma ba irin kunyar da kuke ji yanzu ba. Washegari na tafi likita wajen ungozoma, na zauna gabanta kamar ɗaliba. Bayan haka na nemi takardu na karanta. Abin da na samo shi ne na kawo maku.

Mu fara da yadda Allah ya tsara gaban mace. In an taso daga sama, wajen ciki, za a yi ƙasa, abu na farko shi ne ɗan tsaka. Yana nan inda ƙananan leɓɓa biyu sunka haɗu. Akwai ƴar fata da ta rufe shi kamar hula. Ƙasa da shi kaɗan akwai ƴar ƙofa ƙarama. Ta nan fitsari ke fita. Ƙasa da ita kuma sai babbar ƙofa, wadda jinin al'ada ke bi, kuma ta nan ake haihuwa. Kowane da wurinsa, kowane da aikinsa. Mata da yawa suna zaton ta ɗan tsaka ake fitsari. Ba haka ba ne. Ba shi da rami ko kaɗan. Maƙwabcin ƙofar fitsari ne kawai.

Abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne, kamar ƙwayar wake. Ga wata ya fi haka, ga wata bai kai ba. Duk daidai ne, kamar yadda hancinmu ba ɗaya ba. Amma ga abin da ya ba ni mamaki. Wancan da ake gani, kansa ne kawai. Sauran jikinsa yana ɓoye ciki, kamar rogo: abin da ke cikin ƙasa ya fi abin da ke waje amfani da nauyi.

Daga kan nan, gangar jikinsa ta shiga ciki, ta lanƙwasa, ta rabu biyu. Ƙafa ɗaya ta bi ƙashin dama, ɗaya ta bi ƙashin hagu. Kun san yadda mutum ke zama bisa jaki, ƙafa nan, ƙafa can? Haka ɗan tsaka ya hau bisa hanyar fitsari da hanyar haihuwa. Tsakanin ƙafafun akwai wasu tsoka biyu masu laushi, ɗaya kowane gefen ƙofar haihuwa, ƙarƙashin leɓɓa. In an auna shi duka, daga kai har ƙarshen ƙafa, yana kai wajen santimita 10. Ki dubi yatsanki na tsakiya. Ya kai haka, ko ya ɗara.

Kada ku ce mu kaɗai ne ba mu sani ba. Har Turawa masu manyan lakkwal sun daɗe suna kau da kai. Wani masani Bajamushe mai suna Kobelt ya zana shi da kyau tun 1844, amma littattafan likitoci da yawa sunka bar zancen, sunka riƙa nuna ɗan ɗigo kawai. Sai a 1998 wata likita ta ƙasar Ostiraliya, Helen O'Connell, ta sake bincike ta nuna ma duniya girmansa na gaskiya. Kun ga kunyar ba a ƙauyenmu kaɗai take ba.

Daga ina ya fito? Sa'ad da ciki ya shiga, cikin wata biyu na farko, gaban ɗa namiji da na ɗiya mace iri ɗaya ne. Ɗan tsiro guda ne. Daga baya, in namiji ne, tsiron ya girma ya zama azzakari. In mace ce, ya zama ɗan tsaka. Tushensu ɗaya ke nan. Hular ɗan tsaka ita ce daidai da loɓar namiji, wadda ake cirewa wajen kaciya. Kansa kuwa shi ne daidai da kan azzakari. Ku riƙe wanga da kyau. Mai cewa kaciyar mace daidai take da ta namiji bai faɗi gaskiya ba. Ga namiji fata ake cirewa. Ga mace, in an yanke ɗan tsaka, kamar an datse ma yaro kan gabansa ne. Wace uwa za ta yarda a yi ma ɗanta haka?

Da Hausa muna cewa jijiya, amma jijiya iri biyu ce. Akwai mai ɗaukar jini. Akwai mai ɗaukar ji, wadda ke kai labari ga ƙwaƙwalwa: nan da zafi, nan da sanyi, nan da daɗi. Ɗan tsaka yana da duka biyu, kuma da yawa. A 2022 wasu likitoci a jihar Oregon ta Amurka sun ƙidaya zaren jijiyoyin ji da ke zuwa gare shi. Sun samu sun fi 10,000, duk sun taru a wuri ƙarami. Shi ya sa ko zare ya taɓa wurin sai an ji. To, ina ga aska?

Mine ne aikinsa? Nan ma zan faɗa a fili, tunda duk matan aure ne ke nan. Aikinsa shi ne mace ta ji daɗin saduwa da mijinta. Cikinsa kamar soso yake. In sha'awa ta motsa, jini ya cika soson, ya kumbura, ya yi ƙarfi. Sa'an nan gaba ya jiƙe, ya saki. Da haka saduwa ke zuwa ba zafi, ba ƙujewa. Yawancin mata ta wurinsa suke kai ga biyan bukata. In an gama, jinin ya koma, ya kwanta kamar da. Ba ya riƙe ciki, ba ya hana ciki, ba ya kawo nono. Aikinsa ke nan guda. Wasu suna ganin aikin ƙarami ne. Ni ban ga ƙaranci ba. Mu mata mun san auren da ake shiga ɗaki da fargaba, mun san irin zaman da ake yi cikinsa. Sau nawa mace ke yaji, a tara dattawa a yi ta tambaya mi ya faru, ita kuwa ba ta iya faɗi?

Akwai maganganu da ake gado. An ce in ba a yanke shi ba zai yi ta tsawo har ya toshe hanya. Ba ya yi. Yana girma tare da yarinya, kamar kunnenta, ya tsaya inda Allah ya tsaida shi. An ce in kan jinjiri ya taɓa shi wajen haihuwa, jinjirin zai mutu. Ku dubi kanku. Yawancinmu nan ba a yanke mu ba, kuma ga ɗiyanmu suna wasa bakin ƙofa. An ce shi ke sa yarinya bin maza. Sha'awa daga ƙwaƙwalwa da jini take tasowa, aska ba ta kai can. Kamun kai kuwa tarbiyya ce, daga gida ake samun ta.

Yanzu mu dawo ga tambayar ɗalibata, zancen angurya, wanda wasu ke ce ma ɗan gurya. Nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye. In kin ce ma Bahaushiyar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ana kaciyar mata garinsu, za ta ce a'a, mu ba mu yi. Gaskiya ne, yanke ɗan tsaka ba al'adar yawancinmu ba ce. Amma a gidaje da yawa, ranar suna, bayan an yi ma jinjira aski an cire hakin wuya, wanzami yakan duba gabanta. In ya ga ɗan farin nama ya leƙo, sai ya ce angurya ce, ya sa aska.

Mine ne wanga nama? Ungozoma ta yi mani bayani. Sa'ad da jinjira ke ciki, wasu sinadaran jikin uwa suna ratsawa zuwa gare ta. Su ke sa a haife ta gabanta a ɗan kumbure. Leɓɓan su yi kauri, ɗan tsaka ya fito fili, fatar budurci ta yi kauri har gefenta ya leƙo waje. Wani lokaci a ga farin ruwa, ko ɗan ɗigon jini bisa tsumma. Kun sha ganin nonon jinjiri ya kumbura, ko namiji ne. Dalilin ɗaya ne. In an yi ƴan makwanni, sinadaran uwa su bar jikinta, kumburin ya saɓe da kansa. Abin da ake kira angurya, fatar budurcin yarinya ce. Lafiya lau take. Ba ta hana fitsari, ba ta hana aure, ba ta hana haihuwa.

Ku tuna girman gaban jinjirar kwana bakwai. Duka-duka bai fi kan yatsa biyu ba. Ɗan tsaka, ƙofar fitsari da ƙofar haihuwa duk suna matse wuri guda. Ga yarinya tana kuka tana shure-shure. Ko wanzami ya kai shekara 40 yana aiki, hannunsa na iya zamewa. Ni ba na zagin wanzamai. Abin da sunka gada ke nan, kuma suna yi ne da zaton taimako. Amma kyakkyawar niyya ba ta tsaida jini.

Jinin jinjiri duka, in nauyinsa kilo 3 ne, bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na lita ba. Moɗa guda ƙarama ke nan. Kuma cikin makon farko jininsa ba ya saurin daskarewa. Abin da babba zai zubar bai ji komi ba, shi ke kashe jinjiri. In jini bai yi ɓarna ba, akwai ƙazantar aska. Ta nan tetanos ke shiga, ciwon nan mai sarƙe baki, jinjira ta kasa kama nono, jikinta ya sandare. Sai a ce iska ce ko tsuntsu ya gitta. In kuma aska ɗaya ta bi yara da yawa, tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wani zuwa wani.

Ƴar uwar angurya ita ce yankan gishiri. Amarya ta ce saduwa na yi mata zafi, a ce gishiri ne. Naƙuda ta daɗe, a ce gishiri ne. Mace ba ta samu ciki ba, ko tana ƙaiƙayi, gishiri ne. Sai a sa aska a tsaga ta ciki, ta wajen gaba. Abin da ke bayan wurin nan shi ne hanyar fitsari da mafitsara. Tsakaninsu fata ce siririya. In aska ta zarce, an huda ke nan. Mace ta koma fitsari na bin ƙafarta dare da rana. A asibitin Zariya, cikin Najeriya, wani likita ya duba labarin mata 1,443 masu yoyon fitsari, ya buga sakamakon a 1983. Cikin kowace 100, 13 yankan gishiri ne ya jawo masu. Yawancin sauran doguwar naƙuda ce. Naƙudar da ta daɗe, ba nama ba ne ya tare hanya. Sau da yawa kan jinjiri ne ya fi ƙugun uwa, ko ya zo a karkace. Aska ba ta faɗaɗa ƙashi. Amalanke ko mota za a nema tun da wuri, a tafi likita. Wadda kuwa yoyon ya riga ya kama, kada a ware ta a bukka bayan gida. Ana ɗinkewa. A Danja, kusa da Maraɗi, an buɗe gidan aikin yoyon fitsari a 2012, kuma ana yin aikin a Yamai da Damagaram.

Kaciyar mata ta sosai, wadda ake yanke ɗan tsaka, wani lokaci har da leɓɓa, akwai ta ƙasarmu Nijar, amma ba ko'ina ba. Ta fi yawa a yammacin jihar Tilaberi. Binciken da anka yi a 1998 ya nuna wajen mata 5 cikin 100 an yi masu. A 2006 da 2012 abin ya sauko zuwa 2 cikin 100. Ga maƙwabtanmu na Mali kuwa, kusan 9 cikin 10 ne. A duniya duka, ƙididdigar UNICEF ta 2024 ta ce mata da ƴan mata fiye da miliyan 230 ke raye da wanga tabo. Lissafinmu ƙarami ne, mun gode Allah. Amma a ganina bai kamata mu yi barci bisa shi ba. Wadda anka cire ma angurya tana kwana bakwai ba ta ma san an yi ba, balle ta faɗa ma mai ƙidaya.

Illar ba ta tsayawa ranar yanka. Inda anka yanka, tabo ke fitowa. Tabo kuwa ba ya miƙewa kamar nama mai lafiya. Hukumar lafiya ta duniya ta bi haihuwar mata fiye da 28,000 a ƙasashe shida: Burkina Faso, Gana, Kenya, Najeriya, Senegal da Sudan. An buga abin da anka gani a 2006. Matan da anka yi ma kaciya sun fi sauran zubar da jini bayan haihuwa, sun fi shiga aikin tiyata. Cikin haihuwa 100, ana rasa ƙarin jinjiri ɗaya ko biyu saboda kaciyar uwa. Kun ji. Abin da ake cewa zai tsare jinjiri, shi ke cinye shi.

Wasu za su ce addini ne. Ni ba malamar addini ba ce, ba zan shiga gonar malamai ba. Zan faɗi abin da ya faru kawai. A 2006 manyan malamai sun taru a jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira, sunka yi kira a daina. A 2007 Muftin Masar, Shehu Ali Juma'a, ya ce haramun ne. Kuma mu nan, kakanninmu sun yi salla sun yi azumi sun je Makka, ba su yanke ɗiyansu mata ba.

Gwamnati ma ta yi magana. Tun 1990 akwai ƙungiyar CONIPRAT mai faɗakarwa bisa al'adun da ke cutar da mata da yara. A watan Yuni na 2003 anka kafa doka. Wanda ya yanke ko ya cire wani sashe na gaban mace, ana ɗaure shi wata 6 zuwa shekara 3, da tara daga jikka 20 zuwa jikka 200. In yarinyar ta mutu, ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne. Wanda ya taimaka, shi ma doka ba ta bar shi ba. Ko ma'aikacin likita ne ya yi, da allurar kashe zafi da almakashi mai tsabta, laifi ne, nasa hukuncin ma ya fi tsanani.

To, in ba a yanke ba, yaya ake kula da shi? Abin da sauƙi. Ruwa mai tsabta ya isa. Ƙarƙashin hular nan wani farin maiƙo yakan taru. Ba cuta ba ne, jiki ne ke yin sa. Babbar mace ta ɗan ja hular a hankali wajen wanka, ta zuba ruwa. In an bar shi ya daɗe yana iya taurara, hular ta manne, wurin ya riƙa zafi. Ga jinjira da ƙaramar yarinya kuwa, a wanke waje kawai, kada a ja komi da ƙarfi. Wajen tsarki a fara daga gaba a yi baya, don kada a kwaso ƙazantar bayan gida. Ku koya ma ƴan matanku wanga tun suna ƙanana.

Ina roƙon ku bisa kayan matsi. Na san ana saida su kasuwa da gidan biki, na san kishi ke sa a saya. Alif, kanwa, garin taba, sabulu mai ƙarfi, turare, da ƙulle-ƙullen da ba a san abin da ke ciki ba. Fatar wurin nan ta fi ta cikin baki laushi. Abin da ba ki iya sa ma idonki, kada ki sa shi can. Yana ƙona fata, ya busar da ita, ta tsattsage, cuta ta samu ƙofa.

Akwai lokacin da ya wajaba a je likita, ba a tsaya jiƙe-jiƙe ba. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, yana da magani mai araha. In yana tafiya yana dawowa, a auna jini, don ciwon sukari na kawo haka. Ƙurji ko gyambo a wurin, ko ba ya zafi, yana iya zama ciwon sanyi. Nan sai an yi ma mata da miji magani tare, in ba haka ba wahalar banza ce. Fatar da ta yi fari fat tana ƙaiƙayi, musamman ga wadda ta daina al'ada, tana son man shafawa na likita, in an bari tana iya rufe ɗan tsaka. Gyambon da ya ƙi warkewa ga tsohuwa, a gaggauta nuna shi. Ku masu wanki da wanka a tabki ko gulbi, ku san tsargiya ba fitsarin jini kaɗai take sa wa ba. Tana taɓa gaban mace, ta kawo ƙuraje da zafi. Ƙwayar maganinta tana nan likita.

Ga wani abu da ba ya faruwa da yawa, amma ina so arwanka da ke cikinmu su ji. Wani lokaci ana haihuwar ɗiya mace da ɗan tsaka babba ƙwarai, har a rasa gane mace ce ko namiji. Wanga ba aikin wanzami ba ne, ba kuma abin ɓoyewa ba ne. Sau da yawa alama ce ta wani ciwo na cikin jiki, wanda ke sa jinjira ta riƙa zubar da gishirin jikinta. Cikin mako na biyu ko na uku sai ta fara amai, ta yi laushi, ta bushe. In ba a kai ta babban asibiti ba tana iya mutuwa, alhali akwai magani. A kai ta tun kafin suna.

Wataƙila cikin masu saurare, ko masu karanta jarida, akwai wadda anka riga anka yanke. Ƴar uwa, ba ki yi laifin komi ba, kuma ba ki ragu ga zama mace ba. Ki tuna zancen rogo. Aska kai kawai ta samu. Gangar jiki da ƙafafun suna nan ciki da ransu. Shi ya sa mata da yawa da anka yi ma kaciya suna jin daɗin aurensu, in miji mai haƙuri ne. In tabon na zafi, ko wani ƙullutu ya fito bisa shi yana girma, ana cirewa a asibiti. Wani likitan Faransa, Pierre Foldès, ya ƙago aikin da ake cire tabon a fito da sauran ɗan tsaka waje. A 2012 ya ba da labarin mata 2,938 da ya yi ma aikin. An koyi aikin a Burkina Faso ma. Ba kowa ke bukatarsa ba, kuma ba kowa yake yi ma daidai ba. Amma in kina da ciki, lalle ki gaya ma ungozoma tun wajen awo, kuma ki haihu a likita.

Maza, na san jaridar ga za ta zo hannunku, wataƙila ma ku riga matanku karantawa. Kalma biyu gare ku. Ta farko, jikin mace ba ya saurin tashi kamar naku. Wutar kara daban, wutar gawayi daban. Wasa da magana mai daɗi da rashin gaggawa sun fi duk wani maganin da ake saidawa tasha. In iyalinka ta ce tana jin zafi, ka yarda da ita, ka raka ta likita. Ta biyu, ranar suna kai ke biyan wanzami. In ka ce aski kaɗai za a yi, magana ta ƙare. Maijego tana kwance ɗaki, ba ta iya ja da uwarka. Kai ke iyawa, da ladabi.

Ita ɗalibata, na koma na same ta kwana biyu kafin suna. Ba mu yi gardama da tsohuwar ba. Mun roƙe ta ta ɗauki jikarta da kanta mu tafi wajen ungozoma. Ungozoma ta duba, ta ce: "Inna, ki ba ni kwana arba'in. In abin bai tafi ba, ki dawo ki same ni." Tsohuwa ta yarda, ba da son ranta ba. Kafin a gama wankan jego, ita da kanta ta duba ta ga babu komi. Ba ta ce mun yi gaskiya ba, kun san halin uwayenmu. Ta dai aiko mani da ƙwan zabi.

Na ga rana ta yi sanyi. Na san akwai tambayoyi, kuma na san ba mai ɗaga hannu. Ga takardu, ga alƙaluma. Yanzu kun iya rubutu. Kowace ta rubuta tambayarta, ba sai ta sa suna ba, ta naɗe ta jefa cikin ƙwaryar da ke bakin ƙofa. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, ta same ni bayan an watse. Ranar darasi mai zuwa zan zo da ungozoma, ita za ta amsa.